Wayar da ke Yin Shiru da Asuba

Koken da dattijon ya kawo wani shagon gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ba irin wanda sukudireba ke magancewa ba ne. Allon wayar bai fashe ba, wurin caji lafiya lau, ba ta taɓa faɗawa ruwa ba, ko shekara ma ba ta yi a hannunsa ba. Damuwarsa ɗaya ce. Manhajar kiran salla da 'yarsa ta sa masa tana kiran azahar da la'asar da magariba da isha'i ba fashi, amma asuba sai ta ga dama. Yau ta tashe shi, gobe sai hasken gari ya tashe shi. Gidansa a sabuwar unguwa yake can bayan gari, masallaci da 'yar tazara, kunne kuma ya fara nauyi.

Mai gyaran, wani matashi da ya daɗe a sana'ar, ya juya wayar gaba da baya, ya ce, "Baba, ko kuna rage ƙararta ne idan za ku kwanta?"

"Ɗana, ni ko inda ake ragewa ban sani ba. Ina jin dai sabis ne. Unguwarmu sai ka fito tsakar gida kake samun sanda biyu."

Sabis ne ake fara ɗora wa laifi a ƙasar nan, kuma sau da yawa ya cancanta. Amma manhajar kiran salla ba ta jiran kowa ya aiko mata da lokaci. Da zarar ta san garin da kake da kwanan wata, ita da kanta take lissafa fitowar alfijir da zawali da faɗuwar rana. Mai gyaran ya katse sabis ɗin gaba ɗaya, ya ajiye wayar a kan teburi. La'asar na yi ta ɗaga murya har maƙwabcin shago ya leƙo. Dattijon ya ƙara da wata magana da shi bai ɗauke ta a bakin komai ba: Hajiyarsa har mita take yi, domin cikin dare saƙonnin WhatsApp na 'yan'uwa ba sa barin wayar ta huta. Mai gyaran ya riƙe wannan a ransa. Wayar da ke karɓar saƙo ƙarfe uku na dare ba a sume take kwana ba.

Zargi ya koma kan manhajar. A Play Store ra'ayoyin masu amfani da ita sun rabu gida biyu: wasu na sa wa wanda ya rubuta ta albarka, wasu sun ba shi tauraro ɗaya suna cewa ya sa sun makara. Sai 'yar dattijon ta kawo abin da ya sauya alƙiblar binciken. Tana da kwamfutar hannu wadda yaranta ke karatu da ita, kuma manhajar nan tana ciki. Aka duba: fitowa ɗaya ce, lambar Android ɗin ma ɗaya. Aka ce ta riƙa kwana da su gefe da gefe. Kwamfutar hannun, wadda ko layi babu a cikinta, ba ta taɓa tsallake asuba ba. Wayar kuwa ta ci gaba da halinta. Aka cire manhajar aka sa wata ta wani mutum daban, ciwon bai sauya ba. Manhajoji biyu na mutane biyu ba za su haɗa baki su yi kuskure iri ɗaya a waya ɗaya kaɗai ba.

Wani abokin sana'a ya ce ai ram ne ya yi mata kaɗan. Maganarsa tana da tushe. Idan wurin aiki ya cika, Android yana sauke manhajojin da ba a amfani da su domin ya ba wadda ke gabanka fili. Sai dai an tsara abin ta yadda wannan saukewa ba za ta taɓa ƙararrawa ba. Manhajar kiran salla ba ta kwana ido biyu tana kallon agogo. Abin da take yi shi ne ta miƙa wa babbar manhajar wayar saƙo: ƙarfe kaza ka tashe ni. Sai ta kwanta. Saƙon yana hannun tsarin wayar, ko an sauke manhajar ko ba a sauke ba. Lokaci na yi a tashe ta, ta kira salla, ta miƙa saƙon salla ta gaba, ta koma. Ban da haka, da aka gwada, ram ɗin kwamfutar hannun bai ma kai na wayar ba.

To ko Android ɗin ne da kansa? Nan ma akwai dalilin zargi, domin Google ya yi shekaru yana matse wa manhajoji wuya saboda batir. A 2015, cikin Android 6, ya kawo tsarin Doze: idan waya ta daɗe a ajiye, allo a kashe, ba a caji, sai a jinkirta yawancin ayyukan manhajoji, a riƙa buɗe musu ƙofa jefi-jefi. A 2017 Android 8 ya taƙaita abin da manhaja ke iya yi a bayan fage. A 2018 Android 9 ya kasa manhajoji rukuni-rukuni gwargwadon yawan amfani da su. A 2021 Android 12 ya fito da izini na musamman ga manhajar da ke son a tashe ta daidai minti. Duk wannan ya dace da ciwon da ke tashi cikin dare. Amma ƙa'idar Doze a rubuce take, kuma ta ware ƙararrawar tashi daga barci: idan lokacinta ya gabato, wayar na fita daga gyangyaɗin ta buga. Izinin Android 12 kuwa a kunne aka same shi. Sannan duk waɗannan dokoki suna kan kwamfutar hannun, ga ta tana kira. Da aka saita ƙararrawar agogon da ya zo da wayar, shi ma bai taɓa saɓawa ba.

Abokin sana'ar ya ce, "Kai dai ka yi mata filashin ka huta." Mai gyaran ya ƙi. Filashin yana maganin manhajar da ta lalace. Idan abin da ke faruwa haka aka ƙera shi, za a goge ne a sake zuba irinsa, a karɓi kuɗin dattijo a banza.

Maimakon haka sai ya koma ga tambaya. "Baba, ranar da kuka tashi kuka ga ba ta kira ba, me kuke fara yi?"

"Buɗe ta nake yi mana, in ga me ya same ta. Sai in tarar komai daidai."

Wannan amsa ta warware rabin ƙullin. Sallolin rana ba su taɓa tsallakewa ba domin duk safiyar da ta yi shiru dattijon yana farfaɗo da manhajar da hannunsa bai sani ba. Ke nan wani abu yana faruwa tsakanin isha'i da asuba wanda ke yanke sarƙar, kuma buɗe manhajar ne ke ƙulla ta. Aka roƙi 'yarsa ta riƙa lura da abin da ya faru a kowane daren da aka yi shiru. Ba a daɗe ba abin ya fito fili. Wasu dararen, caji ne ya ƙare wayar ta mutu, sai da aka kawo wuta tsakar dare ta jona ta kunna masa. Wasu dararen kuma, kafin ya kwanta ya danna maɓallin nan na share duk manhajojin da ke buɗe, wanda ita ce ma ta koya masa don kada wayar ta yi nauyi.

Mai gyaran ya jera wayar da kwamfutar hannun a kan teburi. Ya buɗe manhajar a kowacce, ya share ta daga jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan, sannan ya shiga shafin bayanan manhajar a cikin saiti. A wannan shafi akwai maɓallin da aka rubuta wa Force stop, na tsayar da manhaja da ƙarfi. A kwamfutar hannun rubutun yana nan raɗau, ana iya dannawa. A wayar kuwa ya dushe ya koma ruwan toka, ko ka danna ba ya motsi. Maɓallin ba ya dushewa sai idan an riga an tsayar da manhajar. Wani ya danna shi ke nan, kuma ba dattijon ba ne.

Tsayarwa da ƙarfi ta bambanta da saukewa. Manhajar da aka tsayar, ana soke duk ƙararrawar da ta bari a hannun tsarin wayar, kuma tun Android 3.1 na 2011 ba a sake isar mata da wani saƙo har sai mai wayar ya buɗe ta da kansa. A Android yadda Google ya fitar da shi, share manhaja daga jeri ba ya kai ta wannan matsayi. A wannan waya yana kaiwa. Batun daren da caji ya ƙare ma haka yake. Duk wayar Android da aka kashe tana manta ƙararrawar manhajoji, shi ya sa idan ta kunnu take shelanta cewa ta tashi, kowace manhaja ta ji ta sake miƙa nata saƙon. Mai gyaran ya kutsa cikin wata manhajar kula da waya da ta zo daga kamfani, ya tarar da jerin waɗanda aka yarje wa su tashi da kansu. Gaban manhajar kiran salla a kashe yake. Gaban WhatsApp a kunne. Babu wanda ya taɓa shiga wurin a gidan dattijon.

A nan ne aka gane cewa lambar Android ɗin da aka gani iri ɗaya a na'urorin biyu ta ɓoye fiye da abin da ta bayyana. Google ya sayi kamfanin Android a 2005, wayar farko mai ɗauke da shi, HTC Dream, ta fito a 2008, kuma tun farko aka saki tushensa a buɗe, kowane kamfani ya ɗauka ya sauya yadda ya so. Kamfanoni ba su yi wata-wata ba, domin idan duk wayoyi suka zama iri ɗaya a ido, farashi kaɗai zai rage a yi gasa a kai. HTC ya fito da Sense a 2009. Samsung ya yi TouchWiz, wanda daga baya ya zama Samsung Experience, sannan One UI da aka sanar a 2018. Xiaomi ma da irin wannan manhaja ya fara, MIUI, a 2010, kafin ya ƙera waya ko ɗaya. A 2023 ya maye gurbinta da HyperOS. Oppo yana da ColorOS, Huawei yana da EMUI. Wayoyin da suka cika kasuwanninmu, Tecno da Infinix na kamfanin Transsion da ke Shenzhen, suna zuwa da HiOS da XOS. Kwamfutar hannun 'yar dattijon tana cikin waɗanda kamfaninsu bai taɓa Android sosai ba. Wayar kuwa an shimfiɗa mata nata tsari mai kauri.

Yawancin mutane suna ɗaukar wannan shimfiɗa a matsayin kwalliya: launin allo, siffar gumaka, yadda ake jawo sanarwa. Alhali tana nitsewa har inda ake yanke hukuncin wace manhaja za ta rayu cikin dare. Kuma ba za a ce sharri ce zalla ba. Kamfanoni sun yi waya mai layi biyu shekaru kafin Android ya karɓi abin a hukumance cikin 5.1 a 2015. Samsung ya raba allo biyu a wayoyi da kwamfutocin hannu na Note tun 2012, Google bai kawo haka ba sai Android 7 a 2016. Kyamarar da aka daidaita don ta fitar da baƙar fata da kyau, wadda ta taimaka wa Transsion ya mamaye kasuwar Afirka, daga irin wannan 'yanci ta fito. Hannun da ya ba da waɗannan shi ne ya soke kiran asuba.

Saura tambaya biyu. Ta farko: me ya sa WhatsApp ya tsira? Abin kamar mai gadi ne da aka ajiye a ƙofar gida, aka ba shi takarda mai sunayen manyan baƙi, aka ce duk wanda ba ya ciki a kore shi da dare. Kamfanin waya ya san idan saƙon WhatsApp ya daina shigowa, washegari za a dawo da wayar shago. Don haka manyan manhajoji suna zuwa da izininsu tun daga masana'anta. Manhajar kiran salla da wani matashi ya rubuta a ɗakinsa, ko ta tuna wa mai ciwon suga lokacin shan magani, ba ta cikin takardar.

Ta biyu: me ya sa tun farko aka ɗauki mai gadin, alhali Google ya riga ya yi nasa tanadi? Babban ɓangare na amsar yana ƙasar Sin. A sauran duniya, sanarwar yawancin manhajoji tana bi ta hanya ɗaya ce ta Google, mai suna Firebase Cloud Messaging. Wayar na riƙe da layi ɗaya a buɗe, saƙo ya zo, a tashi manhajar da aka aiko wa. A babban yankin ƙasar Sin babu Play Store, babu ayyukan Google. Sai kowace manhaja ta riƙa riƙe nata layin, tana ƙin kwanciya, wasu ma suna tashin 'yan'uwansu na kamfani ɗaya. Batir ya riƙa zubewa, waya na zafi, mai saye kuma sunan da ke bayan wayar yake zagi. Kamfanonin can suka rubuta manhajojin da ke kashe duk abin da ya motsa ba da izini ba. Da wayoyinsu suka tsallaka teku, da wannan hali suka tafi, har zuwa ƙasashen da ba su da ciwon da aka yi maganin dominsa.

Sauran amsar tana kusa da gida. Wanda ke biyan mai caji kullum, ko yake jiran wutar da ba ta da lokaci, tambayarsa ta farko a shago ita ce, "Tana riƙe caji?" Waya mai arha kuma ram ɗinta kaɗan ne, hanya mafi sauƙi ta sa ta yi kamar mai sauri ita ce a share duk abin da ke bayan fage. Batirin da ya kwana biyu ana ganinsa, ana tallarsa. Ƙararrawar da ba ta buga ba kuwa babu wanda ke danganta ta da kamfanin waya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: tauraro ɗayan nan a kan mai rubuta manhaja yake sauka.

Masu rubuta manhajoji sun daɗe suna kuka da wannan. A watan Yulin 2018 masu manhajar VLC suka hana wasu wayoyin Huawei sauke ta daga Play Store, saboda tsarin wayoyin yana kashe ta idan ana sauraren sauti allo a rufe, jama'a kuma suna huce haushi a kansu. Masu wata manhajar lura da barci, Sleep as Android, suka buɗe shafin Don't Kill My App, inda suke jera kamfanonin waya gwargwadon tsananinsu, tare da bayanin inda kowanne ya ɓoye saitinsa. Samsung, wanda na Koriya ta Kudu ne, shi ma ya shiga jerin saboda tsarinsa na kwantar da manhajar da aka yi 'yan kwanaki ba a buɗe ba. A 2020 injiniyoyin Android suka ce za su tsaurara sharuɗɗan da kamfanoni ke cikawa, domin a riƙa sanar da mai waya idan an taƙaita wata manhaja. A 2023 Google da Samsung suka sanar cewa daga One UI 6 manhajojin da suka bi sabbin ƙa'idojin Android 14 za su yi aikinsu ba katsalandan. An samu sauƙi, sai dai wayoyin da ke aljihun mutane ba duka ne wannan gyara ya iske ba.

Maganin da mai gyaran ya yi bai ɗauki minti biyar ba. Ya kunna wa manhajar izinin tashi da kanta, wanda a wayoyi da yawa ake rubuta masa Autostart. Ya shiga saitin batir ya cire mata duk wani takunkumi. Ya buɗe jerin manhajojin kwanan nan, ya danna nata ya riƙe har hoton ɗan kwaɗo ya fito, alamar shara ba za ta ƙara kwashe ta ba. Sannan ya sake gwajin ɗazu: ya share komai, ya koma shafin bayanai, maɓallin yana nan raɗau. Ya kashe wayar ya kunna, bai buɗe manhajar ba, magariba na yi ta kira. Ya gargaɗi 'yar dattijon cewa idan wayar ta sabunta tsarinta ta sake duba wuraren nan uku, domin wani lokaci sabuntawa kan mayar da su yadda suke.

Wurare uku, a kusurwoyi uku na waya, da sunayen da ke sauyawa daga kamfani zuwa kamfani, har ma daga wayar bara zuwa ta bana. Ba adalci ba ne a ce mai waya ne zai binciko su. Kamfani yana da damar tsimin batir, kuma masu saye da yawa za su zaɓi hakan idan aka tambaye su. Laifin shi ne ba a tambaya. Wayar da ta iya cika allo da tallar wasanni da sanarwar cewa ta share maka datti ba za ta gagara rubuta layi ɗaya ba: na tsayar da manhaja kaza, ƙararrawarta ba za ta buga ba, ka yarda? Kafin kamfanoni su koyi yin wannan tambaya, duk wanda ya ɗora wa wata manhaja amanar lokaci, na salla ne ko na sahur ko na magani, ya gwada ta tun da rana: ya share ta, ya kashe wayar ya kunna, ya jira ya ji ko za ta yi magana.